Takunkumin 3M 1860 da Akwatin Gwajin FT-30: Sharhi ga Masu Sayen Kayan Asibiti da Masu Ɗaura Shi

Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin masu tarin fuka, ko a cibiyar killace masu korona a 2020, ya san takunkumin nan mai kama da ƙaramin ƙoƙo, launinsa tsakanin kore da shuɗi, da igiyoyi biyu da ake zagayawa ta ƙeya. Shi ne 3M 1860, ɗaya daga cikin takunkuman N95 da suka fi yawo a asibitocin duniya. Kamfanin 3M na Amurka ke yin sa. Kwali ɗaya na ɗauke da guda 20, katan kuma kwali 6, wato guda 120. Hukuncinmu a kansa tun daga farko shi ne: kaya ne mai kyau, kwalliya tana biyan kuɗin sabulu, amma asibitin da ya jibge katan-katan ɗinsa a sito bai haɗa da kayan gwada dacewarsa da fuska ba, ya biya kuɗin cikakkiyar kariya ne ya karɓi rabi. Shi ya sa muka haɗa su biyun a wannan sharhi, takunkumin da akwatin gwaji mai lamba FT-30.

Sabuwar cutar numfashi ba ta shigowa asibiti da sunanta. Zazzaɓi da tari ne kawai, ta zauna a benci ɗaya da masu maleriya da masu mura, kuma mai yankan kati da nas ɗin da ke auna zafin jiki su ne ke fara tarbar ta. A annobar SARS ta 2003 an lissafa mutum 8,096 da suka kamu, 774 suka rasu, kusan ɗaya cikin biyar na masu kamuwar kuwa ma'aikatan lafiya ne. Carlo Urbani, likitan Hukumar Lafiya ta Duniya da ya ankarar da duniya daga birnin Hanoi, ita ce ta yi ajalinsa a watan Maris na 2003. Cutar MERS da aka gano a Jidda a 2012 ta fi samun gindin zama a cikin asibitoci fiye da a gari. A 2015 mutum ɗaya da ya koma Koriya ta Kudu daga Gabas ta Tsakiya ya zagaya asibitoci kafin a gane abin da ke damunsa, aka ƙare da mutum 186 sun kamu, 38 sun mutu. Da korona ta zo, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tsakanin Janairun 2020 da Mayun 2021 ma'aikatan lafiya 80,000 zuwa 180,000 ne suka rasa rayukansu. Da yawa daga cikinsu sun san alamomin cutar sarai, da an yi musu jarrabawa a takarda da sun ci. Giɓin yana tsakanin abin da ke kan mutum da abin da hannunsa ke yi a bakin ƙofar ɗakin majinyaci, kuma a kan takunkumi aka fi ganin wannan giɓi.

A sunan N95, harafin N na nufin ba a yi shi don wurin da ke da tururin mai ba. Lambar 95 kuma na nufin hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, ta hura masa ƙurar gishiri mai ƙanƙanta, wajen maikiron 0.3, da ƙarfin iska lita 85 a minti ɗaya, ya tare aƙalla kashi 95 cikin 100. Maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta gida dubu. Lita 85 a minti kuwa numfashin mai aikin ƙarfi ne, ya fi na nas mai zagayen gadaje nesa, saboda haka a aikin yau da kullum matacin yana yin fiye da abin da aka rubuta. Nan ne ake yawan yin kuskuren fahimta na farko. Mutane na ɗauka takunkumin rariya ce mai ƙananan ramuka. Zaren robar da ke tsakiyarsa an ɗora masa cajin lantarki ne tun daga masana'anta, cajin ke fizgo ƙananan ƙwayoyi ya riƙe su kamar yadda leda ke jan gashin hannu a lokacin hunturu. Wanda ya wanke shi da sabulu, ko ya fesa masa sanitaiza ko sifirit da niyyar tsaftace shi, ya kashe wannan cajin. A ido takunkumin yana nan lafiya lau, har ya fi da tsabta, amma amfaninsa ya ragu ƙwarai, kuma babu wata alama da za ta nuna wa mai shi haka.

Abin da ya raba 1860 da ɗan'uwansa fari mai lamba 8210, wanda ake gani a hannun masu aikin siminti da kafintoci, shi ne an gwada 1860 da feshin jini na roba a matsin 120 mmHg (ma'aunin da ake auna hawan jini da shi) bai ratsa ba, don haka an yarda a shiga da shi ɗakin tiyata da ɗakin haihuwa. Wajen tace iska duka biyun N95 ne, idan an rasa ɗaya a ɗakin masu tari ana iya amfani da ɗayan a ɗora garkuwar fuska a kai. Wanda bai kamata ya shiga asibiti ba shi ne mai 'yar ƙofar fitar da iska a gaba, irin 8511. Yana da daɗin numfashi, ma'aikata na son sa, amma wani kaso na numfashin mai shi yana fita ba a tace ba, ya sauka a kan majinyaci.

Ginin 1860 kansa ba shi da abin kushewa sosai. Ƙoƙon yana da tauri, ba ya lotsewa ya manne a baki idan an ja numfashi, ana magana a cikinsa ana ji. Akwai ƙarfen alminiyam a kan karan hanci, da ɗan soso daga ciki. Igiyoyin saƙaƙƙu ne, ba a yi su da robar latas mai sa wasu ƙaiƙayi ba, an maƙale su da ƙarfen sitefila a gefe biyu. Rauninsa yana cikin ƙarfinsa: da yake ƙoƙon ba ya lanƙwasa, fuska ce za ta dace da shi, shi ba ya bin fuska. Mai siririyar fuska, mai ƙaramar haɓa, ko wanda karan hancinsa ke kwance, sau da yawa iska kan sulale masa ta gefen hanci ko ta ƙarƙashin haɓa. Akwai ƙaramin girma, 1860S, wanda yakan fi dacewa da mata da yawa, sai dai masu rubuta takardar saye sukan manta da shi gaba ɗaya, alhali mafi yawan masu tsayuwa a gaban gadon majinyaci mata ne. Akwai kuma 1870+, mai falle uku da ke naɗewa, kowanne a ledarsa, mai jure feshi har 160 mmHg, wanda kan karɓi fuskokin da ƙoƙon ya ƙi. Asibitin da ke da iri ɗaya girma ɗaya tak ya bar wasu ma'aikatansa a buɗe bai sani ba.

Ɗaura shi bai kai minti ɗaya ba ga wanda ya iya. A tsaftace hannu tukuna, daƙiƙa 20 zuwa 30 da man goge hannu, ko 40 zuwa 60 da ruwa da sabulu. A ɗora takunkumin a tafin hannu, ɓangaren ƙarfen yana wajen yatsu, igiyoyin na reto a ƙasa. A kafa shi daga ƙarƙashin haɓa zuwa hanci. Igiyar sama a ja ta ta zauna can saman ƙeya, bisa kunnuwa. Ta ƙasa a tsallakar da ita ta zauna a wuya, ƙarƙashin kunnuwa. Kada su gitta juna, kada su murɗe. Sannan a sa yatsun hannu biyu a danna ƙarfen daga tsakiya zuwa gefe har ya kwanta bisa siffar hanci. Matse shi da yatsu biyu na hannu ɗaya, wanda shi ne abin da kusan kowa ke yi idan yana sauri, yana sa ƙarfen ya yi tsini a tsakiya ya bar rami daidai kan karan hanci. Daga nan a rufe takunkumin da tafin hannu biyu a fitar da numfashi da ƙarfi. Idan aka ji iska a gashin ido, ko tabarau ya yi hazo, a sake gyara ƙarfen. Idan ta gefe take fita, a gyara zaman igiyoyin. Ana yin wannan duk lokacin da aka ɗaura, ko sau nawa ne a rana.

Kurakuran da aka fi gani sanannu ne. Wani ya bar igiyar ƙasa tana lilo don ta dame shi a wuya. Wani ya haɗa igiyoyin biyu a wuri ɗaya. Wata ta yanke su ta ɗaura a kunne. Wani ya sa takunkumin tiyata daga ciki, ya ɗora N95 a kai da tunanin kariya biyu ta fi ɗaya, alhali na cikin ya ɗage bakin na wajen daga fata ya buɗe hanya ta ko'ina. In dai za a haɗa su, na tiyatar ne ke zama a waje. Sai kuma mafi yawa: sauke shi wuya ko ɗaga shi goshi don amsa waya, a mayar da shi da hannun da ya taɓa gabansa. Wajen cirewa ba a taɓa gaban ko kaɗan. A ɗan sunkuya, a kamo igiyar ƙasa daga baya a tsallakar da ita ta kan kai, sannan ta sama, a bar shi ya faɗa kwandon shara, a tsaftace hannu. Shi ne ake cirewa a ƙarshe, bayan an fito daga ɗakin an rufe ƙofa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ke tsakanin takunkumi da kunci ba a ganin ta da ido, gwajin tafin hannu ma manyan ramuka kawai yake kamawa. Aikin FT-30 ke nan. A cikin akwatin akwai babbar hula mai rufe kai har kafaɗa da taga mai haske da ƙaramin rami a gaba, da abin wuyan da hular ke zama a kai, da mafesai biyu masu ƙwallon roba da ake matsawa da hannu, da kwalabe biyu na ruwan Bitrex mai tsananin ɗaci, ɗaya tsinkakke ɗaya mai ƙarfi. Akwai tagwayensa FT-10 mai ruwan zaƙi na sakarin. Mun fi son mai ɗacin, domin wanda ɗaci ya shiga bakinsa ba ya iya ɓoyewa, fuskarsa ke faɗa, zaƙi kuwa wani kan yi ta kokwanto ko ya ji ko bai ji ba. Ba ya buƙatar wuta ko batir, abin da ya sa ya dace da asibitin da ke kwana a duhu. Na'urar da ke ƙirga ƙwayoyi ta ba da lamba, irin PortaCount, ta fi shi daidaito, tana neman maki 100 kafin a ce mutum ya ci, amma kuɗinta da kula da ita sun fi ƙarfin yawancin asibitocinmu.

Mataki na farko shi ne a tabbatar mutum yana jin ɗacin. Kada ya ci komai, ya sha wani abu ban da ruwa, ko ya sha taba minti 15 kafin gwajin. A nan sai an ambaci goro da sunansa, domin mai goro a baki ba ya lissafa shi cikin abinci, ga shi kuma ɗacinsa yana rufe na maganin. Ya sa hular ba tare da takunkumi ba, ya buɗe baki ya ɗan fito da harshe yana numfashi ta baki. A zura bakin mafeshin ruwa tsinkakke ta ramin a matsa sau 10. In ya ji, lambarsa 10, ko da a matsi na uku ya ji. In bai ji ba a ƙara 10, lambarsa ta zama 20. In an sake ƙarawa, 30. Wanda bai ji komai ba bayan 30 ba a gwada shi da wannan ruwa, sai a koma ga na zaƙi. Wanda mura ko korona ta ɗauke masa ɗanɗano a ɗaga masa zuwa wani mako.

Daga nan ya kurkure baki, ya goge leɓe, ya ɗaura takunkuminsa da kansa ba tare da an taya shi ba, ya zauna da shi minti 5. In yana sa tabarau a wurin aiki, ya sa shi yanzu. A mayar da hular, a ɗauki mafeshi na biyu mai ruwa mai ƙarfi a matsa gwargwadon lambarsa, sannan kowace daƙiƙa 30 a ƙara rabin lambar: mai 10 a ƙara masa 5, mai 30 a ƙara masa 15. Yana cikin haka zai yi abu bakwai, kowanne minti ɗaya: numfashi na yau da kullum, numfashi mai zurfi, juya kai dama da hagu, ɗaga kai sama da ƙasa, magana da ƙarfi kamar ƙirga daga 100 zuwa ƙasa, sunkuyawa kamar mai ɗaukar abu a ƙasa, sai ya rufe da numfashi na yau da kullum. Ya gama bakwai ɗin bai ji ɗaci ba, ya ci. A sa shi ya ɗan ɗaga gefen takunkumin da yatsa kafin a cire hular. Ɗacin da zai buge shi nan take ya fi lacca goma shiga kai, domin a lokacin ne mutum ke gaskata cewa abin da ke fuskarsa yana tare wani abu da gaske, kuma ɗan rami kaɗan ya isa ya rusa shi. Wannan ne babban amfanin akwatin da ba a rubuta a jikinsa ba. Ma'aikacin da ya ɗanɗana da wuya ka sake ganin igiyarsa na lilo.

In ya ji ɗaci a tsakiya a tsaya, ya kurkure baki, a jira minti 15, ya sake ɗaurawa a maimaita. In ya sake faɗuwa, takunkumin ne bai dace da shi ba, a canza girma ko iri. Matsalar akwatin ɗaya ce babba: bakin mafeshin yana toshewa idan ruwan ya bushe a ciki, kuma toshewar tana da haɗari domin kowa zai riƙa cin gwajin alhali ba abin da ke fita. Kafin kowane mutum a ɗaga mafeshin a gaban abu mai duhu a matsa, a ga farin hazo da ido. A wanke shi da ruwan ɗumi aƙalla duk bayan awa 4, a riƙa matsa ƙwallon har ƙarshe a bar shi ya cika kafin a sake, a goge cikin hular da maganin kashe ƙwayoyi tsakanin mutum da mutum, kuma kada a musanya mafesan biyu. Mutum ɗaya yana cin wajen minti 20, saboda haka mai gwaji ɗaya zai yi 15 zuwa 20 a yini in bai samu masu faɗuwa da yawa ba. Asibiti mai ma'aikata 300 aikin mako uku zuwa huɗu ne da akwati ɗaya. Kada a tsara shi da rana a watan azumi. Mai azumi ba zai yarda a fesa masa abu yana buɗe da baki ba, kuma yana da gaskiya.

Maganar gemu ba ta son kwana-kwana. Duk gashin da ya shiga tsakanin bakin takunkumi da fata yana hana shi kamawa, har tsiron kwana ɗaya ko biyu bayan aski. Gashin baki ba laifi in yana ciki gaba ɗaya, haka ɗan gemun da ya tsaya a kan haɓa bai kai inda bakin ke zama ba. Cikakken gemu da saje kuwa, 1860 ba zai kama ba, kuma matse igiya ba ta gyara shi. A asibitocin Kano, Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram wannan ya shafi likitoci da nas-nas masu yawa da suka ajiye gemu don addini, kuma abin da aka saba yi shi ne kowa ya kau da kai: a miƙa wa malam takunkumi, ya ɗora a kan gemu, a ɗauka an kare shi. Wannan shiru zalunci ne a kansa da iyalinsa. A faɗa masa gaskiya, a gwada shi da FT-30 ya ji da harshensa, sannan a zauna a nemi mafita tun ba a shiga annoba ba. Akwai hula mai famfon iska da batir da ke rufe kai duka, wadda ba ruwanta da gemu, tana da tsada kuma tana son caji, amma guda biyu ko uku a ɗakin kulawa ta musamman ba su fi ƙarfin babban asibiti ba. Akwai dabarar naɗe gemu da faffaɗar roba a ɗaure a saman kai kafin a ɗora takunkumi, wadda ma'aikatan lafiya mabiya addinin Sikh suka fito da ita a Ingila, wasu hukumomin lafiya a Ostareliya suka karɓa bisa sharaɗin mutum ya ci gwaji da ita. Akwai kuma rabon aiki, a ɗauke shi daga ayyukan da suka fi tayar da feshi daga hanci da bakin majinyaci.

Hijabi ba shi da wannan matsala in an kula da abu ɗaya: kada yadin ya shiga ƙarƙashin bakin takunkumi a haɓa ko a kunci. Igiyoyi na iya bi ta kansa, sai dai yadi mai santsi yana sa igiyar sama ta zame ƙasa a hankali, tulin kitso ko gashin da aka tufke a ƙeya kuma yana canza inda take zama. A gwada ma'aikaciya da shigar da take aiki da ita, a ɗaki keɓantacce, mace ta yi mata.

A zafin Afrilu 1860 yana da wahalar sha'ani, ba za mu ɓoye ba. Gumi na taruwa a cikin ƙoƙon, ƙarfen na cin karan hanci, bayan awa 4 yawancin mutane sun gaji da shi. Idan ya jiƙe, numfashi ya yi nauyi, a canza shi. Shafa basilin ko man kaɗanya a inda bakin ke zama don rage ciwo yana sa shi santsi ya zame. In za a shafa mai a yi tun da wuri ya shige fata, in kuma an liƙa filasta siririya a hanci a sake gwaji da ita. Ajiya ma tana da sharaɗi da ba a cika karantawa ba: shekara 5 daga ranar ƙerawa, a wurin da zafinsa bai wuce digiri 30 ba, danshi bai wuce kashi 80 ba. Sito mai rufin kwano a Sakkwato ko Maiduguri yana haura 40 a bazara, a Agusta kuma ga danshi. Igiyoyi da soson hanci ne ke fara mutuwa. Kafin a raba tsohon katan a ɗauki guda biyu a ja igiyar. In ta saki ba ta koma ba, ko soson na marmashewa, kada a ba kowa. Kwalin nan ya fi cancantar zama a ɗakin ajiyar magani mai sanyi.

Na amfani ɗaya ne aka yi shi. Idan ƙarancin kaya ya tilasta, gara a bar shi a fuska a zagaya majinyata masu cuta iri ɗaya da a riƙa cirewa ana mayarwa, domin kowace ɗaurawa tana sassauta igiya. Hukumar CDC ta Amurka, mai yaƙi da yaɗuwar cututtuka, ta sa iyakar ɗaurawa 5 a lokacin ƙarancin 2020. A ajiye shi a ambulan ta takarda mai sunan mai shi, ban da leda ko aljihu, kuma wanda aka yi aikin feshi da shi ko jini ya taɓa shi ya tafi shara.

Araha ba ta ado, kuma 1860 yana cikin takunkuman da aka fi yi wa jabu. A Fabrairun 2021 hukumomin Amurka sun sanar da kama na jabu sama da miliyan 10 masu ɗauke da sunan 3M, wasu har sun riga sun isa asibitoci. A jikin na gaskiya akwai sunan NIOSH, da N95, da lambar iri, da lambar rukunin ƙerawa wadda dole ta dace da ta jikin kwali, da lambar amincewa TC-84A-0006, wadda ake iya dubawa a jerin kayan da NIOSH ta amince da su a intanet. Mai maƙalawa a kunne, ko mara rubutu, ko wanda ake sayarwa ɗai-ɗai a leda ba kwali, a bar wa mai shi. Sai dai masu jabu sun iya kwaikwayon rubutu, don haka a saya daga dillalin da zai nuna takardar wakilcin kamfani, a kuma ɗauki biyar daga sabon kaya a gwada su a fuskar waɗanda aka san sun ci gwaji da wannan iri. In suka fara faɗuwa, kayan ne.

Nawa za a saya? Ɗakin killacewa mai ma'aikata 8 a kowane zagayen aiki, zagaye 3 a rana, kowa guda 2, yana cin 48 a rana. Katan ɗaya kwana biyu da rabi ke nan, mako biyu kuma guda 672, wato katan 6. A cikin 8 ɗin nan a lissafa mai shara, da mai tura gado, da mai kwasar zanen gado, waɗanda sukan daɗe a ɗakin fiye da likita amma su ne na ƙarshe a rabon kaya da na horo. Ba kowane aiki ke buƙatar N95 ba. Inda babu sassauci shi ne zura bututun numfashi, danna ƙirji don farfaɗo da zuciya, matsa jakar iska, zuƙe majina da buɗaɗɗen bututu, leƙa huhu da na'ura, da sa majinyaci tari don karɓar kaki, sai ɗakin tarin fuka da na ƙyanda, da kowace sabuwar cuta da ba a gama sanin yadda take yaɗuwa ba.

Wani gwaji da aka buga a 2022, da aka yi da ma'aikata wajen dubu a Kanada, Isra'ila, Pakistan da Masar, ya samu kashi 10.5 sun kamu da korona cikin masu takunkumin tiyata, kashi 9.3 cikin masu N95. Wasu na kafa hujja da shi su ce duk ɗaya ne. Abin da muke karantawa a ciki daban ne: ma'aikaci na iya ɗaukar cutar a ɗakin shan shayi, a motar haya da a gida, inda ba ko wane takunkumi a fuskarsa, kuma 1860 ba ya bin mutum can. Haka nan ba ya maye gurbin abubuwan da ba su cin kuɗi. A sa wa mai tari takunkumin tiyata tun daga ƙofa, a zaunar da shi aƙalla mita ɗaya daga saura, a buɗe tagogi ɓangare biyu iska ta ratsa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya lita 60 ne a daƙiƙa ga kowane majinyaci a ɗaki na gama-gari, 160 a ɗakin masu cutar da ke bin iska. A kuma yi tambaya. MERS tana kashe kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu, tana ɗaukar kwana 2 zuwa 14 kafin ta bayyana, kuma jiragen Umara da na Hajji suna sauka Kano da Yamai duk shekara. Binciken da aka yi a mayankar Kano a 2015 ya samu ƙwayar a jikin raƙuma, ko da yake da aka auna jinin mahautan daga baya ba a ga alamar sun kamu ba. “Alhaji, an yi tafiya cikin mako biyun nan? An kwanta a wani asibiti? An yi hulɗa da raƙuma?” Amsar waɗannan ce ke gaya wa nas ta miƙa hannu ga kwalin 1860 tun kafin sakamakon gwaji ya dawo.

Ga mai rubuta takardar saye, tsarin da muke ba da shawara shi ne a fara da akwatin FT-30 ɗaya, da ƙarin kwalaben ruwansa masu lamba FT-31 da FT-32, da kwali biyu-biyu na 1860, 1860S da 1870+. A gwada ma'aikatan sashen gaggawa, ɗakin kulawa ta musamman, ɗakin tarin fuka da ɗakin gwaje-gwaje tukuna, sannan a yi babban oda bisa abin da fuskokinsu suka nuna. Kowa a ba shi ɗan kati ya maƙala a bayan katin shaidarsa, da iri da girma da ranar gwaji, a kuma rubuta a littafin sashe don sitokifa ya san abin da zai fitar da dare. A maimaita gwajin duk shekara, ko da zarar mutum ya yi ƙiba ko ya rame sosai, ko an cire masa haƙora, ko ya samu tabo a fuska, ko asibiti ya canza irin takunkumin da yake saye.